Martani: A tambayi aiki da wuta kafin a tambayi Core i7

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da makala a kan sayen kwamfutar gida. Ya ce da ma'aikatan masana'antun Sharada da Challawa da Bompai yake magana, da kuma magidantan unguwanni irin Na'ibawa waɗanda abincinsu daga can yake fitowa. Niyyarsa kyakkyawa ce: yana so 'ya'yanmu su tashi da sanin kwamfuta, kada zamani ya wuce ya bar su. A nan babu saɓani tsakaninmu. Inda muka raba gari shi ne shawarar da ya bayar, domin duk magidancin da ya bi ta sau da ƙafa zai kashe kuɗin da ba shi da su, a kan na'urar da zamanta a kashe zai fi zamanta a kunne yawa.

Abu uku Malam, wato marubucin, ya faɗa. Na farko, a sayi mafi ƙarfi, daga Core i7 zuwa sama, ko da sai an shiga adashi ko an ci bashi, don a cewarsa sayen nagari mai da kuɗi gida ne, a saya sau ɗaya a huta shekara goma. Na biyu, kwamfutar tebur ita ce ta gida, laftof kuwa kayan yawo ce da saurin lalacewa. Na uku, a guji ta hannu, wadda 'yan kasuwa suke kira tokumbo, don shara ce Turawa suke jibge mana. Sannan ya kafa hujja da masana'antun kansu, ya ce mai kamfani ba ya sayen ƙaramin inji, babba yake girkawa wanda zai daɗe yana yi masa aiki.

Da wannan hujja zan fara, don a gaskiya ni take goyon baya. A shekarun 1970 da farkon na 1980, in aka cire Legas, Kano ake lissafawa a harkar masana'antu a Najeriya. Bompai, wadda ta fi sauran daɗewa, da Sharada da Challawa sun cika da masaƙu da majemun fata da kamfanonin roba da na man gyaɗa da na alawa. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, kayan waje suka cika kasuwa, wutar lantarki kuma ta ƙi zama. Wanda ya zaga waɗannan unguwanni a yau zai ga ƙofofi a garƙame, wasu gine-ginen an mayar da su wurin ajiyar kaya. Injinan da ke ciki ba ƙanana ba ne, kuma ba ƙarfi suka rasa ba. Abin da zai juya su ne ya gagara. Masu kamfanin da suka rage su ne suka iya lissafin wuta da man dizal kafin su yi lissafin girman inji. Darasin da Sharada take koyarwa ke nan, kuma shi ne Malam ya tsallake.

Duk makalarsa babu inda ya ambaci wuta, alhali ita ce babbar tambaya a kowane gida a Kano. Tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma an kasa masu amfani da ita rukuni-rukuni. Rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, na B awa 16, na C awa 12, na D awa 8, na E kuwa awa 4. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta zuwa Naira 200 da 'yan kai. Wato magidanci ɗayan biyu ne: ko yana da wuta mai tsada, ko yana da mai rangwame wadda ba ta zama. A Oktoban shekarar kuma, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya katse, Kano da mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda a cikin duhu.

To, a sa kwamfutar tebur a cikin wannan hali a gani. Ba ta da batir. Da an ɗauke wuta ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi, in kuma abin ya yi ta maimaituwa manhajar kanta sai ta rikice. Dole a haɗa mata UPS, shi ma 'yan mintoci yake bayarwa, iya a adana aiki a kashe. In wuta ta zo ba ƙarfi, sai an nemo sitabilaiza. In ana so yaro ya yi karatu da daddare, sai an tayar da janareta, ga shi litar fetur da take ƙasa da Naira 200 kafin a janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ko ta wajen cin wuta ma akwai rata. A ɗauka kwamfutar tebur mai ƙarfi da allonta suna jan wat 200, laftof ɗin ofis kuwa wat 50. In kowace ta yi awa 5 a rana, a wata ta farko ta ci yunit 30, ta biyu 7 da rabi. Ninki huɗu ke nan.

Laftof kuwa da batirinta take tafe. Cajarta ma, in ka duba jikinta, za ka ga an rubuta tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka wutar da ta zo rabi ba ta cika damunta ba. Ƙaramar sola da imbata da za su riƙe fitila da fanka za su iya cajinta. Ma'aikaci zai iya tafiya da ita wurin aiki, in an ba shi izini, ya dawo da ita a cike. In Malam yana tsoron yara su shige ɗaki da ita inda ba mai ganin abin da suke kallo, tsoron yana kan hanya, amma maganinsa dokar gida ne: a ajiye ta a kan tebur a falo, a ce daga nan ba ta tashi. Wanda yake son babban allo da kibod na daban, ana jona su a jikin laftof ba tare da wata wahala ba.

Ban ce kwamfutar tebur ba ta da gurbi ba. Kuɗi ɗaya in aka ba ta, ta fi laftof ƙarfi, ta fi sauƙin buɗewa, ta fi sauƙin ƙarin kaya. Mai shagon buga takardu, ko cibiyar jarrabawa, ko ɗakin tace fim da ya riga ya girka sola mai ƙarfi, ita ta dace da shi. Amma Malam da gidan ma'aikaci yake magana, kuma gidan ma'aikaci ba haka yake ba.

Sai maganar Core i7, wadda ita ce ta fi cutar da masu saye a titin Beirut da kasuwar Farm Centre da Sabon Gari. Sunan Core i7 tun 2008 kamfanin Intel ya fara amfani da shi, kuma kusan kowace shekara ya yi ta fitar da sabon zubi. Saboda haka wannan 'yar takarda da aka manna a kusa da kibod ba ta gaya maka komai sai ka san zubin. Ga misali da kowa zai iya bincikawa. Furosesa mai lamba i7-7500U, zubi na bakwai, ƙwayoyin sarrafawa biyu gare ta. Mai lamba i5-8250U, zubi na takwas, wadda ta fito a 2017, huɗu gare ta, kuma a yawancin ayyuka ta fi waccan sauri. A lambobin zubi na biyu zuwa na tara, alƙalamin farko bayan ɗan layin shi ne zubin. Magidancin da aka aika kasuwa da kalmar i7 kaɗai a bakinsa, ana iya miƙa masa ta 2011 ko ta 2012 ya biya kuɗi mai tsoka, ya dawo gida yana murna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuma ma ga aikin gida, furosesa ba ita take sa kwamfuta nawa ba. Abu biyu ne suka fi yin tasiri. Ɗaya shi ne ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, allura ce take bin faranti tana neman bayani, shi ya sa kwamfuta take daɗewa kafin ta tashi, kuma in ta faɗi ƙasa tana aiki faifan yana iya mutuwa. SSD ba shi da abin da yake motsi a ciki, ya ninka wancan sauri, ya fi jure jijjiga, ya fi tattalin batir. Ɗayan kuma shi ne RAM. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau, 8 yana isar mai rubutu da lissafi da shiga intanet, 16 kuwa na mai zane da tace bidiyo ne. Core i5 zubi na takwas da RAM 8 da SSD mai gigabait 256 za ta yi wa yawancin gidaje duk abin da suke so. Core i7 tsohuwar zubi mai HDD kuwa za ta sa mai ita ya yi ta ƙorafi.

Batun a saya sau ɗaya a huta shekara goma, shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, sai ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Wanda ya ci bashi a 2016 ya sayi Core i7 mafi tsada a lokacin, yau na'urarsa tana nan lafiya lau, amma a hukumance ba ta cancanci Windows 11 ba. Ƙarfin da ya biya bai tsawaita mata kwana ba. Ana iya ci gaba da morar irinta in aka sa mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, amma wannan ba shi ne hutun da Malam ya yi alkawari ba. Kwamfuta ba fili ba ce da ake saye a ajiye ya ƙara daraja. Ƙarfin da ka saya yau ba ka yi amfani da shi ba, kafin ka buƙace shi ya zama na araha a kasuwa.

A zo ga aljihu. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000, gwamnatin Kano kuma ta tsayar da Naira 71,000 ga nata ma'aikatan. Dala, wadda take wajen Naira 460 a hukumance a tsakiyar 2023, ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuma kwamfuta da Dala ake shigo da ita. Sabuwar Core i7 ta zamani a kwali ta haura albashin shekara guda na mai wannan albashi. In aka haɗa shawarar Malam ta farko da ta uku, a ce dole mai ƙarfi kuma dole sabuwa, ma'aikaci hanya biyu ta rage masa. Ko ya ɗauki bashin da zai hana shi barci, ko in ya je kanti ya ga farashi ya ja da baya, ya ɗauki sabuwar da kuɗinsa suka kai. Ita kuwa wannan yawanci mai Celeron ce, RAM 4, da 'yar ma'ajiya mai gigabait 64 da aka like a jikin allon ciki, ba ta ciruwa ba ta ƙaruwa. Tana ƙyalli, amma kafin shekara ta zagayo ta cika ta fara tsayawa.

Game da tokumbo, Malam yana da gaskiya, sai dai rabinta ya faɗa. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Ibadan a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya nuna ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Wannan abin takaici ne, kuma araha ba ta ado. Amma lissafin ya kuma nuna cewa mafi yawan kayan suna aiki. A cikinsu akwai laftof ɗin da manyan kamfanoni a Turai da Amurka suke ba ma'aikatansu, su yi shekara uku ko huɗu a canja su: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook na HP. An ƙera su don aikin yini guda kullum, jikinsu ya fi ƙwari, yawancinsu ana kwance su da sukundireba a sauya batir ko SSD, kuma saboda suna da yawa a kasuwa, kayan gyaransu da masu gyaransu ba sa wuyar samu a Kano.

Abin da ya kamata Malam ya koya wa mai karatu shi ne yadda ake tantancewa. Kada a saya a tsaye cikin gaggawa. A kunna ta a shagon, a shiga bayanan na'ura a karanta lambar furosesa da ido, kada a dogara da takardar da aka manna. A sa mai shagon ya fitar da rahoton batir, domin Windows tana da umarnin powercfg /batteryreport da yake nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. A danna kowane maɓalli, a gwada kowace kafa ta USB, da kyamara, da lasifika, da Wi-Fi. A tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba, don wasu kamfanoni sukan sayar ba su cire ba. A bar ta tana aiki kamar rabin awa a ji ko fankarta tana ihu. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin da aka yarda a dawo da ita in ta ba da matsala. Wannan rasit shi ne kuma kariyar mutum in wata rana aka ce kayan sata ne.

Akwai kuma abin da masu rubutu daga ƙasashen sanyi ba sa lissafawa, mu kuwa dole ne: ƙura da zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika kowace kafa da ƙura, ga Na'ibawa a bakin titin Zariya, manyan motoci ba dare ba rana, ga garin katako daga 'Yan Katako. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yana haura digiri 40. Kwamfuta mai ƙarfi ta fi fitar da zafi, fankarta ta fi juyawa, ta fi zuƙar ƙura, zafi kuma shi ne yake saurin kashe batir. Idan ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga ƙarfin da aka biya ya tafi a banza. Matsakaiciya mai cin wuta kaɗan ta fi dacewa da ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki. Ko wace iri aka saya, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma tana aiki, a rufe ta da ƙyalle in an gama, a kai ta a busa mata ƙura bayan hunturu.

Duk wannan yana komawa ga tambayar da ya kamata makalar Malam ta fara da ita: wane aiki za a yi da ita, kuma wa zai yi? Akawu ko mai kula da sito a wani kamfani a Sharada da yake ƙarasa lissafi a gida, Excel ne aikinsa, matsakaiciyar nan ta ishe shi har da saura. Yaron da zai rubuta JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita gaba ɗaya ta kwamfuta, abin da yake buƙata shi ne hannunsa ya saba da kibod da linzami, idonsa ya saba da karatu a allo, kuma kusan kowace kwamfuta mai lafiya za ta yi masa wannan. Ɗalibar Jami'ar Bayero da take rubuta kundin kammala karatu ta fi buƙatar batir mai daɗewa da nauyin da za ta iya ɗauka a jaka. Dillalin lemo da ayaba a kasuwar 'Yan Lemo, wanda cinikinsa a WhatsApp yake, kuɗinsa kuma ta waya suke shiga, ƙila ma ba ya buƙatar kwamfuta sam, waya mai kyau ta fi masa amfani. Sai ɗalibin injiniya ko na zanen gine-gine mai aiki da AutoCAD, da matashi mai tace bidiyo ko zane a CorelDRAW. Waɗannan su ne suke buƙatar ƙarfin da Malam yake magana, kuma su na'urar tana iya mayar musu da kuɗinta, don sana'a suke yi da ita. Babu mai ɗauko tirela daga tashar Na'ibawa don ya kai kwandon lemo gida.

A ƙarshe akwai wani zato da ya ratsa makalar tun daga farkonta, wai da zarar na'ura mai ƙarfi ta shiga gida yaro zai zama gwani. An gwada makamancin wannan a wata ƙasa. A Peru gwamnati ta raba wa 'yan firamare laftof ƙarƙashin shirin kowane yaro da tasa, sai Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319 ya fitar da sakamako a 2012. Yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Na'ura ba ta maye gurbin mai koyarwa. Saboda haka magidancin da ya tara kuɗi, kada ya zuba su duka a kan kwamfutar. Ya ware na sabon batir in na ciki ya gaji, da na data, da na 'yar sola ko abin caji, da kuɗin watanni biyu ko uku a makarantar koyon kwamfuta ta unguwa, inda yaro zai koyi buga rubutu da Word da Excel a gaban malami.

Ina roƙon Malam, in zai sake ɗaukar alƙalami a kan wannan batu, ya sauya jerin tambayoyinsa. Ya fara da aikin da za a yi, ya bi da awa nawa ake samun wuta a layin gidan, sannan wa zai gyara ta in ta tsaya, sannan nawa ne a hannu ba tare da bashi ba. In an amsa waɗannan huɗu, sunan furosesa da kansa zai fito. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ma'aikacin da yake fita tun asuba zuwa Challawa yana da kuɗin makaranta da na haya da na magani a kansa, bai kamata mu masu rubutu mu ƙara masa bashi saboda wata 'yar takarda da aka manna a jikin kwamfuta ba.